Mnemosyne da Rumbun Gidanmu

Ranar wata Juma'a ta watan Satumbar bara, bayan mun sauko daga masallaci mun dawo gidanmu na haya a unguwar Mu'aither ta Doha, na miƙe ƙafa a kan darduma, na shafa tumbina, na sanar da iyalina abin da ya kamata a ce duniya ta daɗe da sani, wato tun da aka kafa ƙasar Katsina ba a haifi mai riƙe abu a ka kamar ni Lawal ba. Na ce musu ina tuna ranar sunana. Ina tuna ragon da aka yanka, baƙi ne mai farin goshi, ina tuna wanzamin da ya yi mini aski da yadda askarsa ta dakushe. Na ƙara da cewa babu sunan da ya gagari harshena, domin a ofishinmu na West Bay na kira sunayen mutanen Kerala da na Nepal da na Manila har masu sunayen suka riƙa zuwa ina gyara musu. Matata, Maman Zahra, ba ta ko ɗaga kai daga ninkin kayan da take yi ba. Cewa kawai ta yi, “Sannu da ƙoƙari, Baban Zahra. Makullin motar fa, ka tuna inda ka ajiye shi?” Ban tanka ba, saboda manyan mutane ba sa ɓata ƙwaƙwalwarsu a kan makulli.

A waje kuwa zafi ya kai inda in ka fito da ɗanyen ƙwai a hannu, kafin ka isa mota ya zama waina. Tagogi a rufe, labule a sauke, esi yana ta gurnani, mu kuma muna ciki kamar kaji a akurki. A nan ne 'yata Zahra, 'yar aji shida, ta matso da wayar uwarta. A makarantarsu an raba wa kowane yaro suna guda daga tatsuniyoyin bautar Girkawan dā, zai tsaya gaban aji ya furta sunan, ya kuma bayyana ko wane ne. Ta ce, “Tunda kai ne gwani, Abba, karanta mini nawa.” Na karɓa, na gyara tabarau, na ga an rubuta Mnemosyne.

Na dube shi, ya dube ni. Haruffa biyun farko sun matse juna kamar fasinjoji biyu a kujerar gaban motar kasuwa, babu wasali ko ɗaya a tsakaninsu da mutum zai sa ƙafa. Na yi gyaran murya na ce Minimosaini. Zahra ta kwanta a kan darduma don dariya. Na ce Manemosan. Uwarta ta saki zanen da take ninkewa. Na gwada na uku, leɓɓana suka haɗe suka ƙi buɗewa, har ƙaramin ɗana ya ɗauka kukan saniya nake koya masa. Da Zahra ta samu numfashi ta ce malamarsu ta ce Turawan Ingila haɗiye harafin farko suke yi, su ce Nimozini, amma Girkawa masu abin duka biyun suke furtawa. Na ce to ai laifin ba nawa ba ne, wa ya taɓa gayyatar baƙo gida sannan ya hana shi tuwo? Kun rubuta harafi kun ƙi kiransa.

Daga nan ta shiga karanto mini bayani. A tatsuniyarsu, wannan mata ita ce ke riƙe da tuna baya, duk abin da ɗan Adam ya tuna daga wurinta ne. 'Yar sama da ƙasa ce, ta kuma haifi 'ya'ya mata tara, wata ta riƙe waƙa, wata rawa, wata tarihi, wata ilimin taurari. Na yi istigfari na ce mu dai Allah ɗaya muka sani, wannan zancen gizo da ƙoƙi ne na mutanen dā, amma na lura da abu guda: da suka tashi ba tunawa siffa, ba su ba ta siffar sarki ko malami ba, uwa suka mai da ita. Zahra ta ci gaba. Wai akwai wani wuri a ƙasarsu inda mai neman amsar abin da ya dame shi kan sha ruwan maɓuɓɓuga biyu, na mantuwa da na tunawa, sannan a zira shi ta wani ƙuntataccen rami, ƙafafu su fara shiga. In ya fito sai a zaunar da shi a kan kujerar Mnemosyne a ce ya faɗi abin da ya gani a ciki. Wai mutum kan daɗe kafin dariyarsa ta dawo.

A nan ne tawa dariyar ta tsaya. Na san ramin nan. A gidanmu yake, sai dai namu ba a ƙasa yake ba, a sama yake, kan duwatsu.

Gidan da na tashi babba ne irin na manoma. In ka shigo zaure za ka iske Baba yana tufka igiyar rama da yatsan ƙafarsa, ka wuce turken jaki a hannun dama, ka wuce awaki da ba su taɓa ƙoshi ba tun da aka halicce su, sannan ka fito tsakar gida inda bishiyar darbejiya ta yi wa turame inuwa. Daga can ƙurya rumbuna suke. Akwai ƙanana na kara da zana, akwai kuma babban na laka, mai tumbi irin nawa na yanzu, wanda aka ɗora kan manyan duwatsu saboda gara da danshi, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Ba shi da ƙofa sai wani zagayayyen baki a can ƙololuwa, wanda ake rufewa da hular ciyawa. Ana hawa da tsani na gungumen itace mai tsaga-tsaga, ana kuma ture hular da doguwar gwafa. Duk abin da za mu ci daga kaka zuwa wata kakar yana cikin tumbin nan.

Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta dubana ido cikin ido, ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta amsa mini magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi. Tun da aka yaye ni a ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, nake kwana. In Inna tana son gaya mini abu sai ta fuskanci bango ko darbejiya ko akuyar da ta fi kusa, ta ce, “A gaya wa wancan tuwonsa na hucewa.” Ko ta ce, “Wancan dai ya san rijiya ba ta zuwa gida da ƙafarta.” Har na yi wayo ina zaton Wancan shi ne sunana na yanka, Lawal kuma laƙabi ne na makaranta. Ƙannena kuwa, Saude da sauran, tana goya su, tana zaginsu da sunayensu, tana ja musu kunne. Wallahi na sha tsayawa ina kishin zagin nan.

Ko don haka ne na zama mai surutu, Allah ne masani. Kaka ta ce na fara magana kafin haƙori ya fito mini, kuma tun ranar ban ajiye ba. Ina surutu a hanyar rijiya da tulu a kai. Ina surutu wurin yankan ciyawar awaki, har awakin suka san labarin kowa a unguwa. In aka aike ni kai wa Baba fura gona, sai na tsaya na ba kowace gona da na ratsa rahoton wadda ke gabanta, kafin in isa furar ta yi tsami. A firamare, inda ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce da aka rataye a bishiya, monita ya gaji da kai ƙarata har ya roƙi malam a sauke shi. Na sha bulala har bulalar ta san ni. Amma da an zo haddar lissafi, biyu sau biyu har zuwa sha biyu, ni ake turawa gaba, domin abin da ya shiga kaina ba ya samun hanyar fita sai ta baki. Da yamma kuma in an fito langa a dandali, ko ana buga ƙwallon tsumma, ko muna bin ƙadangaru da danƙo, ni ne ɗan wasa ni ne kuma mai ba da labarin wasan. Kaka takan girgiza kai ta ce, “Lawal, baki shi ke yanka wuya.” Ni kuma in ce mata ai wuyana gajere ne, wuƙar ba za ta samu wuri ba.

Aikin da na fi alfahari da shi a gidan shi ne shiga rumbu. Bakin rumbun ba ya ɗaukar kafaɗar babban mutum, sai yaro siriri, kuma Baba ba ya yarda ɗan wani gida ya ga zurfin abincinmu, domin asirin magidanci ke nan. Saboda haka ni ake zirawa. Da kaka, bayan an ɗaure damman gero da dawa an jera, aikin wasa ne: ina tsaye kan hatsi kaina a waje, ina hango garin duka, ina gaida masu wucewa kamar hakimi a kan doki. Amma kullum aka ɗiba ƙasa tana ƙara nisa. Kafin bazara ta ƙare sai Baba ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya sassauta ni a hankali, in cika kwando da zangarniya ya janye, sannan ya janye ni. A lokacin, in ina ƙasa na ɗaga kai, sama kan koma ɗan faifai.

Shekarar da nake aji huɗu ce, farkon damina, ranar da ba makaranta. Kaka ta tafi biki ƙauyen da ke gaba da mu. An yi azahar, Baba ya ture hular, ya zira ni in fito da gero na ci da kuma wanda aka ware na iri, saboda hadari ya kwana biyu yana yi mana alkawari. Da yammar akwai langa tsakaninmu da yaran unguwar maƙera, kuma na riga na shaida wa duniya cewa ni kaɗai zan kayar da rabinsu da ƙafa ɗaya, ɗayar ma don sharaɗin wasa ne na riƙe ta. Na cika kwando ya tafi, na kwance igiyar ƙuguna na ɗaure wani damin da ita, shi ma ya tafi. Ina cikin ba Baba labarin wani ɓera da na gani, sai iska ta taso, aka yi wata tsawa da ta girgiza rumbun. Na ji jakinmu ya yi haniniya irin tasa, na ji turke ya karye, na ji Baba ya ce, “Lawal, tsaya nan, yanzu zan dawo!” Kamar da ina da inda zan je. Ya sauka a guje. Ɗigon ruwa ya fara faɗo mini a goshi. Can sai na ji ƙarar gwafa a jikin laka, hular ciyawa ta jawo jiki a hankali, ɗan faifan saman nan ya zama jinjirin wata, sannan ya ɓace.

Duhun rumbu ba irin duhun da kuka sani ba ne. Yana da nauyi, yana da wari, warin tsohon gero da toka da kashin ɓera. Na ɗaga hannu na taɓa hancina don in tabbatar ina nan. Bangon sumul yake kamar cikin tulu, ya lanƙwaso ta sama, ba inda yatsa zai kama. Na yi tsalle, na tara zangarniya na hau, ta zame da ni. Ƙaiƙayi ya shiga rigata, gumi ya kwaɓa shi, jikina ya ɗauki ƙaiƙayi tun daga wuya har tafin ƙafa. Na kurma ihu, ihun ya zagaya ya dawo mini a kunne kamar wani yaron ne ke kwaikwayona. Da farko ban damu sosai ba. Na ce ruwa ne, dole a rufe hatsi, da ya ɗauke za a buɗe. Amma ruwan yayyafi ne kawai ya yi ya wuce. Na ji iskar ta kwanta. Na ji kaji sun fito daga ƙarƙashina suna karkaɗe fiffike. Gidan cike yake da mutanen da kowannensu zai iya hawa tsani ya jefo mini igiya, amma ba wanda ya hau.

Na karanta Fatiha da duk surorin da na iya, na sake daga farko. Na yi haddar lissafi har inda malam bai koya mana ba. Na raba gadona: danƙona ga abokina, garena na ƙarfe ga Saude, da sharaɗin kada ta ba kowa aro. Daga nesa na fara jiyo sowar yara a dandali, an fara langa ba ni, kuma na san abin da yaran maƙera ke cewa. Sai kuma na ji wani sauti kusa, kusa ƙwarai, a jikin bangon da na jingina. Daka ake yi. Na san dakan kowa a gidanmu, kuma wannan na Inna ne, domin ita kaɗai ce ke jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Geron da na miƙa da hannuna take sussukawa. Na manna bakina a bango na kira ta. Na kira ta da ƙaramar murya, na kira ta da babba, na kira ta da kuka. Taɓarya ta ci gaba, dum, tafi, dum.

Ba duhun ne ya karya ni ba, ba kuma ɓeran da ya bi ta kan ƙafata ba. Abin da na gaya wa kaina ne: ƙarar turmi ta hana ta ji, kuma ba ta nema ba saboda ba ta lura babu ni ba. Wanda ba a kiran sunansa, ta yaya za a gane ba ya nan? Na zauna a kan gero na yi shiru, karo na farko a rayuwata. Ina jin barci ne ya ɗauke ni, domin abin da na sani kawai haske ya tsaga mini ido, ga fuskar Baba a sama, gumi na zuba, yana cewa jakin sai a fadama ya kama shi. Ya janye ni kamar guga. A gindin tsani na ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, na shanye ban tambayi ko ta wace ce ba. Inna tana can tana sheƙar gero, ta ba ni baya. An riga an tashi daga langa.

Washegari da Kaka ta dawo ta ga ba na magana, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Ta zaunar da ni a kan 'yar kujerarta ta tsugune, ta ce in faɗi abin da na gani a ciki. Na fara a hankali. Da na ga idonta ya buɗe, sai ɓeran ya zama gafiya. Da ta riƙe baki, gafiyar ta zama biyu. Kafin in gama dariyata ta dawo, kuma tun daga ranar labarin yake girma tare da ni. A sakandare wuni guda na yi a rumbun. A jami'a kwana uku. A nan Doha, wurin shan shayi da 'yan uwanmu na zangon Kumasi a Mansura, mako guda na yi, ina cin ɗanyen gero, ina kokawa da kumurci. Wuri ɗaya ne kawai ban taɓa ƙara wa gishiri ba, ban kuma taɓa ba da shi don a yi dariya ba. Wurin taɓaryar nan.

Yanzu ga ni na tara furfura a ƙasar da ba ta da rumbu ko ɗaya, amma kullum ina cikinsa. Daga ɗaki mai sanyi in faɗa mota mai sanyi, daga mota in shiga lif ya janye ni sama kamar yadda Baba ke yi, ya ajiye ni a wani bene na gilashi da tagarsa ba ta buɗuwa. Ina hango teku, ba na jin ƙamshinsa. A dā sama ce ke komawa faifai, yanzu gida ne ya koma ɗan gilashin waya a tafin hannuna. Ta cikin gilashin nan ne na ga tsufa ya fara kwashe wa Inna abin da ke kanta, dami bayan dami. Baba da Kaka sun daɗe da rasuwa, Saude ce ke riƙe da ita. Ta fara da mance inda ta ajiye carbi, ta koma tambayar mutanen da aka binne tuntuni.

Wata rana da azumin bara Saude ta miƙa mata wayar. Maimakon ta kawar da kai kamar yadda ta saba, sai ta gyara mayafi, ta dube ni tsakiyar ido, ta yi murmushi. Ta ce, “Sannu Malam, ya iyali? Daga ina?” Na ce daga Doha. Ta ce Allah sarki, nesa. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta ce, “Lawal. Suna mai kyau. Allah ya yi maka albarka, Malam Lawal.” Shekara hamsin ina jiran in ji sunan nan a bakinta. Ranar da na ji shi, na shiga banɗakin ofis na kulle ƙofa, na buɗe famfo don kada a ji ni. Tun daga ranar duk kiran da na yi haka take karɓata, da fara'a da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Na nemi hutu in je ta gan ni da jiki, ko warin gumina zai tuna mata. Manajanmu ya ce aikin da ke hannunmu bai ƙare ba, hutuna na shekara kuma na riga na ci. Na koma, ya ce bayan wata biyu insha Allah. Na sake komawa, ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato magana ta ƙare. Ga yara a makaranta, ga aikin da in na saki ban san inda zan kama ba. Na tsaya nan, kamar yadda Baba ya ce.

Duk wannan ya bi ta kaina ranar Juma'ar nan, Zahra tana jiran in ce wani abu. Sai na ba ta labarin rumbu, na mako gudan, da kumurcin. Ta ce wallahi sai ta tambayi Gwaggo Saude ko gaskiya ne, domin in gaskiya ne za ta faɗa a aji. Kafin in hana ta ta buga. Ga Saude a tsakar gidanmu, ga darbejiyar nan ta ƙara tsufa, ga inda rumbun yake dā an yi ɗakin bulo ana tara buhuna. Inna na zaune kan tabarma a gefe tana murza bakin zanenta. Ta gaishe ni, Malam Lawal, ta tambayi iyali. Zahra ta ƙwace zancen da Hausarta mai ɗingishi, ta kwashe labarin duka ta juye. Saude ta yi dariya har wayar na rawa.

“Yaya, ka ji tsoron Allah! Wane mako? Ko magariba ba a kira ba aka fito da kai.”

“Ke kina goye a lokacin, me kika sani?”

“Ina goye? Ni da ka bar wa gare?”

Na shiga kare kaina. Na ɗaga murya, na kawo hujjoji, na kwaikwayi tsawar, na kwaikwayi jakin, na kwaikwayi yadda na riƙa kiran Inna ta cikin bango. Na manta da kowa, na ɓare baki kamar ina dandali. Ina cikin haka sai na ga hannun Inna ya daina murza zanen. Ta kasa kunne. Murmushin baƙuncin nan ya sauka daga fuskarta a hankali. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta juya wa wayar ƙeya, ta fuskanci darbejiya.

Ta ce, “Wancan ne?”

Na ga ƙeyar tsohuwar nan, na ji kamar an ture mini hula daga sama, iska ta shigo. A dā ina kishin masu suna, yanzu ba ni da burin da ya wuce a ci gaba da hana ni nawa. Girkawa sun rubuta harafi, wasu sun ƙi furta shi, amma yana nan a farkon sunan, ba wanda ya goge. Ashe ba duk abin da baki ya tsallake ne zuciya ta ajiye ba.

Sai na bi hanyar da aka koya mini tun ina yaro. Na dubi Saude na ce, “A tambayi Inna, me ya sa ta manta da ni a rumbu ranar nan?”

Saude ta buɗe baki za ta maimaita, Inna ta riga ta. Ba ta juyo ba. Darbejiya ta gaya wa.

“Wa ya ce mantawa aka yi? Ni na mayar da hular da hannuna. Ruwa ya wuce na bar ta, na jawo turmi gindin rumbun ina jin numfashinsa. Tun da wancan ya koyi magana, ranar ce kaɗai gidan nan ya huta.”